Kirarin da Ya Kwance wa Auta Ɗamara

Daga Palladiyos, ɗan aiken fada, a birnin Kustantiniya,
zuwa ga wana Sabinos, ɗan majalisar garin Sidara, a ƙasar Sham.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kana lafiya, da Inna, da matarka Tekla, da yara baki ɗaya.

Bayan gaisuwa, Yaya, ina sanar da kai an turo ni garinmu. Kaisar ya sake fitar da dokar 'ya'yan majalisa. Ka san ta: wanda ubansa ɗan majalisar gari ne, shi ma na majalisa ne har ya mutu, kuma duk wanda ya sulale ya shiga soja ko aikin fada, a kwance masa ɗamarar aiki a mayar da shi garinsu. Abin da ya sauya shi ne Kaisar ya daina yarda da gwamnoni. Ya ce suna karanta doka da safe, kafin rana ta take sun manta da ita. Saboda haka mu ake aikawa lardi lardi mu ga an yi aiki da ita. Mu ɗin ma ba a sake mana ba. An haɗa ni da wani marubucin fada mai suna Gaudentiyos, aikinsa ya sa mini ido kamar yadda zan sa wa gwamna.

Ka san matsayina. A fada, ni ɗan Kawu Abgar ne, tsohon soja na garin Raha, kamar yadda Baba ya shirya tun ina saurayi. Da sun san ni ɗan babanmu Malkos ne, wanda ɗan majalisa ne, da ba ni za a aiko ba, ni za a kamo. Da kuma na ce ba zan zo ba, da an tambaye ni dalili. Saura mini shekara ɗaya in cika wa'adin aiki, daga nan dokar da kanta za ta sake ni, babu mai iya mayar da ni.

Roƙona ɗaya ne. Muddin ina Sidara, kada ka kira ni ƙane a gaban kowa, ni ma ba zan kira ka Yaya ba. A masaukin gwamna zan sauka. Dattawan majalisa sun rufa wannan asiri shekara ashirin, na san za su ci gaba. Inna kuwa zan nemi hanyar ganinta ba tare da an lura ba.

Allah ya bar mu tare. Ni ne ƙanenka mai biyayya,
Palladiyos

*

Daga Sabinos, a Sidara,
zuwa ga yayata Domnina, a Antakiya.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Mu nan lafiya, in dai ana kiran irin zamana lafiya.

Yaya, Autanku zai zo. Ga wasiƙarsa nan na haɗo miki, ki karanta ki ga yadda manya ke rubutu. Ɗan aiken fada! Mu dai a nan 'yan sa ido muke ce musu, kuma ban taɓa jin garin da ya yi murnar ganinsu ba. Wai kada in kira shi ƙane. Ni da na goya shi ranar da ƙaya ta soke shi a gonar zaitun, ni ake gargaɗi.

Ki tuna yadda aka yi. Baba ya ce dole ɗa ɗaya ya tsaya wa majalisa. Aka dubi Auta aka ce hannunsa na da kyau a rubutu. Aka dube ni aka ce ina da kafaɗa. To kafaɗar ta yi aiki. Shekara ashirin ke nan ina hura wa mutanen Sidara wutar gidan wanka. Ni ne neman itace, ni ne gyaran bututu, ni ne bin manoma a kan alkamar soja suna zagin uwata, wadda ita ce uwarsa. Bara gwamna ya sa aka tsayar da ni a rana a bakin kotu, kamar ɓarawon akuya, saboda ya shiga wanka ya tarar ruwa ya huce. Shi kuwa yana can yana sauya dawakan sarki a kowane zango, ana buɗe masa ƙofa tun bai ƙwanƙwasa ba.

Bana kuma majalisa ta ɗora mini wasan da za a yi wa babban baƙo a dandali. Ni zan nemo 'yan rawa, ni zan ciyar da 'yan kirari, ni zan sa a share kujerun dutse. Ashe duk ƙanena nake wa hidima ban sani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai Inna ce. Matar da tun sanyin bara take cewa ƙafa ta hana ta tashi, jiya na tarar da ita a tsaye a rumbu tana zaɓen busasshen ɓaure, wai shi Auta ya fi so. Na ce, “Inna, ni ma ina son ɓaure.” Ta ce, “Kai ai kullum kana nan.” Kin ji laifina. Tekla ma ta kamu. Ina cin abinci ta tsare ni da tambaya, “Wai da gaske ne ya taɓa durƙusawa ya sumbaci bakin rigar Kaisar? Da leɓensa?” Na ce a'a, da kunnensa. Ta tashi da kwanon tun ban ƙoshi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ina ƙyashinsa. Ina ƙyashin ɗamarar, ina ƙyashin alkyabbar, har dokin da ban gani ba tukuna ina ƙyashinsa. Wanda ya gudu shi aka aiko ya kamo magudana, wanda ya tsaya kuma shi zai share masa wurin zama.

Ki gaida yara. Naki,
Sabinos

*

Daga Domnina, a Antakiya,
zuwa ga ƙanena Sabinos.

Na gaishe ka, na gaida Inna da Tekla. Wasiƙarka ta iso, na karanta, ban ji daɗinta ba.

Sabinos, na san ka tun kana tsotsar yatsa. In aka ba ka gurasa, ba ka ci sai ka auna ta da ta hannun Auta. Na ɗauka furfura ta raba ka da wannan hali.

Kana ganin alkyabba, ba ka ga abin da ke ƙarƙashinta ba. Ya biyo ta wurina sau biyu a shekarun nan. Cinyoyinsa duk gyambon sirdi ne, maigidana ne ya haɗa masa magani. Ba mata, ba ɗa, ba ɗakin da zai ce nasa ne. Duk inda ya sauka ana masa murmushi, yana juya baya ana tofar da yawu. Da sunan uban wani yake amsawa. Wannan kake wa ƙyashi?

Gaskiya Baba ya zalunce ka, ban taɓa musu ba. Amma Baba ya mutu, kuma ba Auta ne ya yi zaɓen ba. Shekara ɗaya ta rage masa. Ka kama bakinka, ka yi wasanka, ka sallami baƙi. Ɓaure kuwa, in shi ne damuwarka, zan aiko maka da kwando guda ka ci kai kaɗai.

Allah ya sanyaya maka zuciya. Yayarka,
Domnina

*

Daga Sabinos,
zuwa ga Yaya Domnina.

Gaisuwa da fatan alheri. Kwandon ya iso, na gode, Inna ta ajiye wa Auta rabi.

Sun iso. Muka fita bayan gari duk majalisa muka tare su. Ya yi ƙiba a wuya, gemunsa a gyare irin na mutanen fada, ɗamarar nan ja tana ƙyalli. A kasuwa aka karanta dokar. Kowa ya tsaya, kai a buɗe. Gwamna ya karɓi takardar da hannu a lulluɓe cikin alkyabba ya sumbace ta, yana rusunawa a gaban yaron da na koya wa ɗaure takalmi. Washegari aka fito da mutum biyu daga ofishin gwamna, 'ya'yan majalisa ne da suka ɓuya a can, aka kwance musu ɗamara a bainar jama'a. Ɗaya ya yi kuka. Auta yana tsaye yana kallo, fuskarsa ko gezau.

Sai aka zo duba gidan wanka. Yaya, ki saurari wannan da kyau. Ya tsoma hannu a ruwa, ya juyo ya ce, “Wa ke kula da wutar gidan nan?”

Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Ya sunanka?”

Na faɗa masa sunana. Ni, na faɗa wa Auta sunana, a gaban gwamna, a gaban masu hura wuta.

Ya ce, “Ruwan ya yi daidai. Ka ci gaba da ƙoƙari.”

Na san dole ce ta sa shi, wannan Gaudentiyos yana manne da shi kamar ƙaska. Sanin bai rage mini komai ba.

Ya zo gida da sassafe cikin tsohon mayafi, ta ƙofar baya. Ya rungume ni ya ce, “Yaya, ka yafe mini maganar jiya.” Kafin in buɗe baki Inna ta fito tana cewa, “Sabinos, matsa mana! Kawo wa ɗana kujera.” Na kawo wa ɗanta kujera. Ta sa ya buɗe mayafin don ta ga ɗamarar, ta yi ta shafa ta tana kuka, tana cewa yau Malkos ya haihu. Tekla ta fito da cukun da ta ce mini ya ƙare. Yarana suka zagaye shi baki a sake. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina gadi kada wani ya gan shi, a gidana.

Jibi ne wasan. Kin san ƙa'idar yanzu: duk abin da jama'a suka ɗaga murya suka faɗa a dandali, yabo ko zagi, ana rubuta shi kalma kalma a aika wa Kaisar, wai ta nan yake jin gaskiyar ma'aikatansa. Gaudentiyos ya zo da marubuta masu saurin hannu don haka. Shugaban 'yan kirarin da na ɗauko, Barlaha, mutumin garinku ne, bai san kowa a nan ba. Ɗazu ya same ni ya ce, “Maigida, na Kaisar da na gwamna duk mun haddace. Amma shi baƙon fa? Ɗan wa ne? Kirari in babu uba a ciki lami ne, jama'a ba sa amsawa.”

Na ce masa zan yi tunani.

Ki huta lafiya. Ƙanenki,
Sabinos

*

Daga Palladiyos, a wani zango kan hanyar Kustantiniya,
zuwa ga Yaya Domnina.

Ina gaishe ki da kyau, Yaya. Ki gafarce ni ban biyo ta Antakiya ba, ba ni da ikon karkata hanya yanzu. Ina rubuto miki kafin labari ya iso ki ta bakin wasu.

Dandali ya cika maƙil. Ina zaune kusa da gwamna, Gaudentiyos a haguna, marubutansa a ƙasa da allunansu. Aka fara yadda aka saba. “Kaisar ya daɗe!” Jama'a suka amsa. “Gwamna mai adalci!” Suka amsa sama sama. Sai shugaban 'yan kirari ya juyo ya nuna ni da hannu biyu, ya ɗaga murya:

“Palladiyos ɗan Malkos! Ɗan majalisarmu ya dawo gida! Sidara ce ta haife ka!”

Sai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗar Sham a can sama ta ƙwala ihu, “Wallahi shi ne! Autan Malkos ne!” Shi ke nan dandali ya ɗauka. Talakawa ba su san abin da suke yi mini ba, murna suke tsakani da Allah. Suna buga ƙafa, suna kaɗa mayafai, suna maimaitawa, marubuta kuwa hannunsu bai tsaya ba. Dattawan majalisa suka sunkuyar da kai. Gaudentiyos ya karkato a hankali, cikin ladabi, ya ce, “Abokina, wane ne Malkos?”

Na nemi Yaya Sabinos da ido. Yana kujerar mai wasa, yana gyara igiyar takalminsa. Har aka tashi bai gama gyara ta ba.

An rufe takardar an buga mata hatimi. Tunda ni ne ɗan aike, ni aka danƙa wa. Tana cikin jakata yanzu, Gaudentiyos yana tafe a gefena yana mini hirar farashin dawakai. Ba mugu ba ne. In ya rufa mini asiri, akwai wanda ke sa masa ido shi ma.

Zan gaya miki abin da ba zan gaya wa kowa ba. Da na ji an kira ni ɗan Malkos, kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Shekara ashirin ba wanda ya kira ni da sunan Baba. Kuma ranar da na shiga gida na ga Yaya a bakin ƙofa, yaransa suna ratsawa ta ƙarƙashin hannunsa, Inna tana masa tsawa, sai na ji zuciyata ta yi baƙi don hassada. Ni ana mini kuka kamar baƙo, shi ana masa faɗa kamar ɗa. Har tsawar nake so. Amma ban taɓa tunanin in ƙwace masa komai ba.

Ban san abin da za a yanke ba. Ki yi mini addu'a, kada kuma ki gaya wa Inna wanda ya ba da kalmomin.

Autanki,
Palladiyos

*

Daga Domnina,
zuwa ga Sabinos.

Na gaida Inna da Tekla da yara. Kai kuma ga amsarka.

Ka rubuto mini wai ƙauna ce ta kwashe ka, wai so kake garin Baba ya san ɗan Baba, wai ba ka yi zaton marubuta za su kama kowace kalma ba. Sabinos, ni kake wa wannan? Kai ne ka bayyana mini ƙa'idar dandali da hannunka kwana biyu kafin wasan. Barlaha ya dawo Antakiya, yana ta yabonka a kasuwa, wai bai taɓa ganin mai wasan da ya zauna ya koya masa kirari har sau uku don kada ya yi kuskuren sunan uba ba.

Da ka je wurin gwamna ka tona shi a fili, da na ce ɗan'uwana mugu ne amma namiji ne. Sai ka laɓe a bayan tsofaffi masu tallan gyaɗa, ka sa mutanen da ke ƙaunarsa suka yanka shi da bakinsu suna murna.

Me ka samu? Itacen wanka ya ragu? Inna ta ƙara sonka? Ba zan gaya mata ba, don Auta ya roƙe ni. Ka lura, shi ne ya roƙa maka.

Allah ya shirye ka. Har yanzu yayarka ce ni, ba yadda zan yi,
Domnina

*

Daga Palladiyos ɗan Malkos, a Kustantiniya,
zuwa ga wana Sabinos.

Gaisuwa da girmamawa kamar kullum.

An yanke hukunci. An karanta kirarin Sidara a gaban shugabanmu, an kwance mini ɗamara a tsakar ofis, shekarun aikina duka sun faɗi. Ba a yi mini bulala ba, saboda an ce garin da ya yabi ma'aikaci haka shaida ce cewa bai ci amana ba. Umarnin ya ce tunda Sidara na ƙaunar ɗanta, a mayar mata da shi, kuma saboda muƙamin da ya riƙe a zaunar da shi a kujerar farko ta majalisa muddin ransa.

Zan taho da jirgin 'yan kasuwa, domin dawakan sarki sun haramta gare ni. Ba ni da wani gida sai na Baba. Ina roƙon a share mini kowane ɗaki ya samu.

Ƙanenka,
Palladiyos

*

Daga Sabinos,
zuwa ga Yaya Domnina.

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba.

Ya iso tun kakar zaitun. Inna ta ba shi ɗakin sama. Ta warke sarai, tana cin abinci, tana dariya, tana cewa Allah ya ji kukanta. A majalisa kujerata tana bayan tasa, ƙeyarsa nake kallo daga safe har a tashi. Da, sau ɗaya na ga ana masa fadanci a shekara ashirin. Yanzu kullum ne. Gidan wanka yana wuyana har yau, shi ne kuma yake sa hannu a kan itacen.

Ya rame, Yaya. Wani lokaci sai in ga ya kai hannu ƙugu zai gyara abin da babu, sai ya sauke. Bai taɓa tayar mini da maganar kirarin ba. Yana gaishe ni da safe, yana zuba mini ruwa in wanke hannu, yana koya wa yarana rubutu. Shekaranjiya Inna ta ce a gaban baƙi, “Ku gode wa Sabinos, wasansa ne ya dawo mini da ɗana.” Ya dube ni ya ce, “Haka ne, Inna. Na gode, Yaya.”

Na kasa cin abinci tun ranar. Har wannan haƙurin nasa ina ƙyashi, ni ban samu ko kaɗan daga cikinsa ba.

Don Allah ki zo. Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki ce masa ya zage ni.

Sabinos